Kawu Usmanu da Lissafin Shekara Biyar

Taba, Kudan
4 ga Nuwamba

Zuwa ga 'yata Likita Rumaisa,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa daga Taba zuwa Ibadan, da fatan kina lafiya, aiki yana tafiya, ruwan can kuma ya karɓe ki. Mu nan alhamdu lillahi. Innarki Bilki lafiyarta ƙalau, rake ya nuna, tun makon jiya muka ɗora kasko.

Idan kin manta da ni ban ga laifinki ba. Ni ne Usmanu mai mazarƙwaila. Kakanki na wajen uwa, marigayi Malam Inuwa na Furana, da mahaifina 'ya'yan wa da ƙani ne, saboda haka ni kawunki ne ko da nisa. Rabona da ke tun kina firamare, ranar da kika cinye mini mazarƙwaila uku kika ce ɓera ne.

Ga abin da ke tafe da ni. Wata huɗu ke nan wani miki ya fito mini a gefen harshe ta hagu. Na ɗauka haƙori ne ya karce ni. Na shafa zuma, na kuskure baki da ruwan bagaruwa, na sha ƙwayar kemis har kala uku, yana nan kamar an dasa shi. Da ya hana ni cin yaji na je asibitinmu, su kuma suka tura ni babban asibiti a Zariya. Can aka ɗebi ɗan naman wurin aka auna. Likitan mutumin kirki ne, amma Hausarsa ba ta kai Turancinsa ba. Abin da na tsinta a bakinsa biyu ne: za a yanka, kuma in dawo ranar 27 ga wata. Ga kwafin takardar nan na haɗo miki.

Mahaifiyarki Mairama ta taɓa ce mini aikinki ke nan, tiyatar kai da wuya, har bincike kike yi a kai. To ki gaya mini gaskiya ba tare da kwana-kwana ba. Ban kira ki a waya ba don magana tana yi mini zafi, kuma kunnen Bilki ya fi na zomo, ga shi ban gaya mata komai ba tukuna. Rubutu kuwa bai gagare ni ba, shekara tara na yi ina koyar da yaƙi da jahilci.

Ki sani sana'ata a harshe take. Wasu da ido suke gane ruwan rake ya dahu, ni sai na ɗiga shi a ruwan sanyi na ɗanɗana. Idan aka yanke harshen, da me zan ɗanɗana, da me kuma zan yi ciniki a kasuwar Makarfi?

Yahya direba, mai kai kayan gwari Ibadan daga Ikara, shi zai kawo miki wannan, shi za ki ba amsa. Akwai mazarƙwaila a kwali. Idan kin ga alamar an taɓa, wannan karon Yahya ne ɓeran.

Kawunki,
Usmanu

*

Ibadan
11 ga Nuwamba

Kawu Usmanu,

Wa alaikumus salam. Na durƙusa na gaishe ka, ina gaida Inna Bilki da duk mutanen gida. Lafiyata ƙalau, sai dai aiki da kewar tuwon gida. Ban manta da kai ba, Kawu, kuma har yau ina nan a kan bakana: ɓera ne. Kwalin ya iso lafiya, ma'aikatan sashenmu sun gama da rabi kafin a tashi aiki.

Ka ce in faɗi gaskiya, to ga ta. Na karanta takardar. Ciwon daji ne, wanda wasu ke kira sankara. Na san sunan yana da nauyi, amma ka karanta har ƙarshe kafin gabanka ya faɗi. Naka ƙarami ne, bai kai faɗin ƙwayar gyaɗa biyu ba, kuma hoton da suka ɗauka bai nuna ya bazu ba. Ka zo da wuri, wannan shi ne babban rabo. Yawancin waɗanda nake gani sai ciwon ya cika baki suke zuwa.

Ba harshen duka za a cire ba. Za su yanke gefen da mikin yake tare da ɗan lafiyayyen naman da ke kewaye da shi, sannan su buɗe wuyanka ta hagu su kwashe ƙwayoyin nan da ke kumbura idan mutum ya yi kaluluwa, don ta nan ciwon yake fara bi idan zai yi tafiya. Za ka yi kwanaki kana shan abinci ta roba a hanci. Magana za ta ɗan karkace da farko, amma za ta dawo. Ɗanɗano kuwa duk faɗin harshe yake, ba gefe ɗaya ba.

Binciken da nake yi shi ne bin sawun mutum ɗari uku da aka yi wa irin wannan aiki a nan cikin shekara goma, in ga me ya sa wasu suke warkewa wasu ba sa warkewa. Mu a aikinmu shekara biyar muke ƙirgawa. A cikin waɗanda na bi, idan ka ɗauki mutum ɗari masu ciwo daidai naka, kusan tamanin suna kaiwa shekara biyar. Ka ga ai abin godiya ne.

Don Allah ka gaya wa Inna Bilki, kuma kada ranar 27 ta wuce ka. Ina sauri ne, Yahya yana jirana a bakin ƙofa.

'Yarka,
Rumaisa

*

Taba
24 ga Nuwamba

'Yata Rumaisa,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, fatan ke ma haka. Takardarki ta same ni, na karanta ta sau huɗu a bayan rumbu. Allah ya yi miki albarka da ba ki ɓoye mini ba.

Na fahimta. Shekara biyar, shi ma idan ina cikin masu sa'a. Daren farko ban ji daɗi ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma da gari ya waye na yi tunani, wa aka taɓa ba sanarwa irin wannan? Mahaifina yana tsaye a gona ya faɗi, ko sallama bai yi ba. Ni kuwa an ba ni damina biyar in kintsa. Sittin da uku a haɗa da biyar, sittin da takwas, ai ba a cuce ni ba.

Sai na sake wani lissafi. Tun da ko an yanka iyakarta biyar ce, me zai sa in cinye ta da guntun harshe da roba a hanci? Gara in yi biyar ɗina da harshena cikakke, in ɗanɗana abin da nake so, in faɗi abin da nake so. Don haka ranar 27 ba za ni ba. Kada ki yi fushi, ke likita ce, ni kuma mai harshen ne.

Na fara shiri, kuma wallahi wani irin sauƙi nake ji a raina. Akwai maƙwabcina Hamisu, shekara goma sha ɗaya ba ma magana saboda wata kunyar noma ɗaya a iyakar fadama. Ranar Juma'a na same shi a ƙofar gidansa na ce na bar masa kunyar, na kuma ba shi injin matse rakena kyauta, tun da 'ya'yana duk birni suka nufa, babu mai son hayaƙi. Mutumin nan ya zauna a ƙasa yana hawaye. Da na san haka sulhu yake da daɗi da ban ɓata shekarun nan ba.

Bilki dai har yanzu ban iya gaya mata ba. Kullum da safe nakan ce ta yafe mini, har ta fara zargin na sayar mata da akuya, jiya sai da ta je ta duba turke. Wayata ma na kashe na jefa a akwati. Mai shirin tafiya ba ya son yawan surutu.

Ki ci gaba da bincikenki, Allah ya ba da sa'a, na baya su amfana.

Kawunki,
Usmanu

*

Ibadan
18 ga Disamba

Kawu,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa, yau gaisuwar gajera ce. Takardarka ta 24 ga Nuwamba sai yau ta shigo hannuna. Motar Yahya ta lalace a Jebba, da aka gyara kuma ya manta da ita a aljihun mota har ya je ya dawo. Na karanta ta a tsaye. Na kira wayarka ya fi sau ashirin. Shi ya sa na ɗauki hoton wannan na tura wa Umma a Furana, na roƙe ta ta sa a buga a Ikara ta kai maka hannu da hannu. Na ce ta karanta a gaban Inna Bilki. Ka yi haƙuri, na tona maka asiri, kuma ko gobe zan sake.

Laifina ne. Na yi maka magana irin wadda muke yi a tsakaninmu, cikin sauri. Kawu, ba shekara biyar ce ta rage maka ba. Ka san idan ka yi baƙo za ka raka shi zuwa bakin gari, ka ga ya hau hanya lafiya, sannan ka juyo. Juyowarka ba ta nufin tafiyarsa ta ƙare a nan. To shekara biyar rakiyarmu ce. Idan mutum ya kai nan ciwon bai dawo ba, da wuya ya sake dawowa, sai mu rufe fayil mu ce ya sauka lafiya. A cikin mutanen da nake bi akwai tsohuwar da aka yi wa aiki shekara goma da suka wuce, watan jiya ta zo ta kawo mana doya, tana faɗa da mai babur a bakin ƙofa da harshen da aka yanka.

Kuma tamanin ɗin nan da na faɗa, waɗanda aka yi wa aiki ne. Wanda ya ƙi, ciwon ba ya jiransa shekara biyar. Sau da yawa ko biyu ba ya bari, kuma harshen da kake tattali shi zai fara cinyewa, ya hana ka ci, ya hana ka magana. Yanzu ma mun yi asarar mako uku. Rai a hannun Allah yake, amma shi ya ce a nemi magani.

Na yi waya da likitanka na Zariya, ya ba da sabuwar rana, 3 ga Janairu, za a sake hoto kafin nan. Ka ciro wayar nan daga akwati.

'Yarka da hankalinta ya tashi,
Rumaisa

*

Taba
16 ga Janairu

Rumaisa 'yar albarka,

Sallama. Ni ce Innarki Bilki. Ki yi haƙuri da rubutun, kawunki ne ya koya mini a ajin yaƙi da jahilci, idan ya karkace laifin malamin ne. Muna lafiya, mun dawo gida shekaranjiya. An yi aiki, an gama lafiya. Na fara da wannan don ki samu ki zauna.

Bari in ba ki labari tun daga farko. Ranar nan ina tankaɗe sai ga Mairama a kan babur, ko mayafinta ba ta gyara ba. Ko ruwa ba ta sha ba ta ce a kira Yaya Usmanu. Ya shigo yana fara'a, ta zaro takarda ta fara karantawa. Ni dai rariya tana hannuna har aka gama, ban san na zubar da garin ba. Da ta kai wurin rakiyar baƙo sai ya ce ta maimaita. Ta maimaita. Ya cire hula ya sosa kai, sannan ya ce:

"To yanzu injin fa?"

Na ce masa, "Malam, wata biyar kana ɓoye mini ciwo, kana neman yafiya kamar ɓarawon akuya, yanzu kuma inji ne damuwarka?" Na yi kuka, na yi faɗa, na sake yin kuka. Mairama ta taya ni faɗan. Sai da muka gaji ya ce tsoro ne ya hana shi faɗa, ba raini ba. Shekara talatin da huɗu muna tare ban taɓa jin ya ce yana tsoron wani abu ba. A nan faɗana ya ƙare.

Maganar inji kuwa, kunya ta hana shi zuwa, ni na je gidan Hamisu na faɗa musu komai. Hamisu ya ce inji dai kyauta ce, ba ya mayar da kyauta, amma zai riƙa matse rakensa da namu tare har mai shi ya miƙe. Ranar tafiya shi ya samo mota, shi ya zauna da mu a bakin ɗakin tiyata awa biyar.

Hoton da aka sake ya nuna mikin ya ɗan ƙaru, amma likita ya ce bai fi ƙarfin wuƙa ba. Da aka fito da shi, ga roba a hanci, ga ɗinki tun daga bayan kunne har ƙasan haɓa, na ce shi ke nan an canza mini miji. Kwana takwas bai yi magana ba. Rumaisa, tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa fara zance na kai ƙarshensa ba sai a kwana takwas ɗin nan. Duk abin da na tara na faɗa masa. Shi kuma ya sa aka sayo masa littafi, yana rubuta ƙorafi yana miƙa wa nas: kunun ya yi ruwa, fanka tana ƙara, na gadon kusa yana minshari.

Rana ta tara aka cire robar aka ba shi cokali ɗaya na koko. Ya juya shi a baki, ya haɗiye da ƙyar, duk muka zuba masa ido. Ya dube ni ya ce, da wata murya kamar mai goro a baki:

"Babu sukali."

Nas ta yi tafi. Ni kuwa na fita waje na yi sujada.

Sun ba mu wata takarda ta sakamakon naman da aka cire, ga ta nan. Wannan karon ni za ki yi wa bayani.

Innarki,
Bilki

*

Ibadan
24 ga Janairu

Inna Bilki da Kawu,

Ina gaishe ku da kyau, ya jikin Kawu? Inna, takardarki ta sa ni dariya da kuka a gaban ɗalibai.

Ga bayanin, a hankali. Naman da aka cire, duk gefunansa lafiyayyu ne, wato wuƙar ta wuce ciwon ta kowane ɓangare, ba a bar saura ba. Ƙwayoyin wuya ashirin da biyu aka auna, babu ciwo ko a ɗaya. Saboda haka likitansa ya ce ba sai an yi masa gashi da na'ura ba, ni ma na yarda da shi. Labari ne mai daɗi, babu wata ma'ana a ɓoye a bayansa.

Saura abu biyu. Kawu ya riƙa karatu da ƙarfi kullum don harshen ya saba, ya kuma riƙa ɗaga hannun hagu kada kafaɗar ta sandare. Na biyu, duk ranar da aka ba shi ta komawa asibiti ya je, ko yana jin ƙarfi kamar doki. Wannan ce babbar matsalar bincikena. A cikin mutum ɗari ukun nan, fiye da ɗari daga sallama ba a sake ganinsu ba. Ban san ko suna raye suna noma ba, ko ciwon ya dawo a gida ba wanda ya sani. Manyanmu sun ce in gabatar da aikin a watan Afrilu, kuma abin da zan fi tsayawa a kai ke nan: aikin wuƙa rabi ne, rabin yana ga dawowa.

'Yarku,
Rumaisa

*

Taba
5 ga Maris

'Yata Likita,

Assalamu alaikum. Gaisuwa daga mai sabon harshe. Muna lafiya, Bilki tana gaishe ki, Hamisu ma ya ce a gaida likitar da ta hana shi gado. Na je asibiti sau biyu, sun leƙa, sun lalube wuya, sun ce sai wata mai zuwa.

Magana ta dawo, sai harafi ɗaya da ya ƙi ni. Ni da na yi shekara arba'in a sana'ar rake, yanzu sai in ce lake. A kasuwar Makarfi har sun sa mini suna Mai Lake, kuma ciniki ya ƙaru, don kowa so yake ya ji na faɗa. Duk wanda ya tambayi tabon wuyana nakan ba shi labari tun daga zuma da bagaruwa. Wani mai albasa daga Malikanchi ya ja ni gefe ya nuna mini nasa tabon, ashe shekara uku da yi masa aiki bai taɓa komawa ba. Na yi masa faɗa irin na Bilki, ya koma, an ce lafiyarsa ƙalau. Ki sa wannan a cikin jawabinki na Afrilu.

Makon jiya muka ɗora kaskon ƙarshe na bana. Tun da na dawo Hamisu ne yake dafawa da ido, ni ina zaune a inuwa ina kallon yadda yake ƙona mini suna. Ranar nan na ce a ba ni ludayi. Na ɗiga a ruwan sanyi, na ɗora a gefen harshe na dama. Gabana yana faɗuwa, ba zan ɓoye miki ba. Sai na ji shi, zaƙin da ɗan ɗacin nan da ke biyo baya idan saura kaɗan. Na ce a ƙara itace ɗaya a jira. Da aka zuba ya daskare, Hamisu ya gutsura ya ce to, ya sallama.

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba. A ranar, matar Hamisu, Murja, ta kawo mana abinci wurin aiki, ta tsaya tana kallona ina cin tuwo da miyar kuka, har da yaji. Da yamma ta shiga wurin Bilki ta rufe ƙofa, ta yaye mayafi. Akwai ƙullutu a ƙasan kunnenta kamar ƙwan zabo. Shekara guda tana ɓoye shi, ko mijinta bai sani ba, don ta ji ana cewa wanda aka taɓa da wuƙa ba ya tashi. Ta ce wa Bilki, "Na ga Malam Usmanu yana suɗe kwano, shi ne na ce bari in nuna."

Ban san ko mene ne ba, ban kuma ce musu komai ba, na bar wa masu aunawa. Hamisu ya rikice, ya ce shi bai san inda ake yankar kati ba, bai san wa zai tambaya ba. Na ce ya kwantar da hankalinsa. Ranar Litinin da sassafe za mu tafi Zariya mu huɗu, ni zan shige musu gaba, na san ƙofar.

Ki sa Murja a addu'a.

Kawunki,
Usmanu Mai Lake